Mai Gonar Ayaba da Ƙerana

Akwai wani mutum mai gonar ayaba a bakin fadama. Gonar gado ce: kakansa ya sare dajin, ubansa ya yi dashe, shi kuwa ya tashi ya tarar da inuwa. Ƙasarsu ƙasar ruwa ce, gwaza da rake da ayaba suke nomawa, kuma mutumin nan yana taƙama da haka ƙwarai. In an ambaci gero a gabansa sai ya yatsine fuska, ya ce ai wannan abincin tsuntsaye ne. Yana da yaya mace wadda ta yi aure can arewa mai nisa, inda rairayi ya fi ciyawa yawa. Duk sa'ad da ta zo ganin gida sai ya tambaye ta ko bana sun ga ruwan sama da idonsu, ko dai labarinsa suka ji.

Ana nan, sai damina ta fara zuwa a makare, ta kuma tafi da wuri. Rafin da ake iyo a ciki ya ƙanƙance har akuya tana tsallake shi ba ta jiƙa kofato ba. Mutumin ya ce ba komai, shekarar ce ta zo da gardama, baɗi za ta gyaru. Da baɗi ta zo, ya sake faɗin haka.

Wata safiya ya shiga gona, ya tarar da baƙon tsiro a tsakiyar ayabarsa. Kore shar, ba ganye ko ɗaya, jikinsa duk ƙaya, ya ɗaga hannuwa sama kamar mai ba da waƙa a sujada. Lokacin yayarsa tana gidan, sai ya kira ta ta gani. Tana ganin tsiron ta riƙe baki.

Ta ce, "Ƙerana, har kin iso nan?"

Ya ce, "Yaya, kin san ta ne?"

Ta ce, "Maƙwabciyarmu ce. Ba ta zama a ƙasa mai danshi, ruɓewa take yi. Tun da ta tsaya da ƙafarta a gonarka, Auta, ƙasarka ta fara bushewa. Ka nemi irin gero."

Ran mutumin ya ɓaci. Ya ce ita ta ƙunso abin a cikin kayanta don hassada, ya kuma rantse cewa gero ba zai taɓa shiga bakinsa ba. Yayar ta bar wa matarsa ƙullin irin gero, ta koma garinsu.

Shi kuwa ya wasa adda, ya sassare ƙerana gunduwa-gunduwa. Bai san tana da farin ruwa mai zafi ba, sai da ya fantsamar masa a fuska. Ran Lahadi ya je sujada idanunsa a kumbure kamar na kwaɗo, duk wanda ya yi masa sannu sai ya ce zuma ce ta harbe shi. Gutsattsarin kuma ya kwashe su ya watsa a gefen wani busasshen fili da ke bayan gida. Ba a daɗe ba kowane guntu ya yi saiwa, ya miƙe. Wadda ya sare a gona ma ta toho. Ya sake sara, ya sake watsawa ta ɗaya gefen filin, suka sake tsirowa. Haka ya yi ta yi, yana sara yana zubarwa, har addarsa ta dakushe.

Sai ya tuna yayarsa ta ce ruwa ne yake ruɓar da ita. Ya ce to, ya samo maganinta. Rijiyar garin ta riga ta yi zurfi, sai an ƙara igiya, amma safe da yamma yana can yana jan guga. Ya ɗauko tulu a kafaɗa, ya wuce ayabarsa da ganyenta ya yi rawaya, ya je ya juye wa ƙerana. Ƙasa mai ƙishi ta shanye nan take, ta bar wa ƙerana daidai abin da take so. Ta yi ƙiba, ta yi sheƙi, har ta fid da fure.

Matarsa ta ce, "Maigida, da ka ba ayabar nan ko tulu ɗaya."

Ya ce, "Bari in gama da abokiyar gaba tukuna."

Da ruwa ya sauka, matar ta ɗauki irin nan ta shuka a filin bayan gida, ta raɓa masa wake. A shekarar ruwa ya ɗauke tun amfani bai nuna ba. Ciyawa ta ƙare, awakin gari suka bazu cikin gonaki suna cin duk abin da suka samu. Suka kewaya filin matar ta ko'ina, ƙayar ƙeranar da ta zagaye shi ta hana su shiga. Da kaka ta yi, gonar mutumin ta ba da nono ɗaya na ayaba, 'ya'yan kamar yatsun jariri. Geron matarsa kuwa ya cika rumbu.

Ranar da ta tuƙa tuwon gero ta ajiye masa, ya ce shi azumi yake yi. Washegari ma ya ce azumi. Da ƙamshin miyar kuka ya ishe shi, ya jawo kwanon, ya juya wa jama'ar gidan baya, ya cinye tas, ya miƙa kwanon ta bayansa a ƙara masa. Bayan ya ƙoshi ya zaga ya ga filin, ya tsaya yana kallon shingen, ba ko kafar da ɗan akuya zai bi.

Ya ce, "Wa ya yi miki wannan aiki mai kyau haka?"

Ta ce, "Kai ne, Maigida."

Kunya ta kama shi, ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ya shirya ya tafi arewa wurin yayarsa, ya durƙusa ya roƙi gafara. Ta yafe masa, ta dama masa fura, ta koya masa yadda ake shuka gero. Daga wannan shekara gidansa bai kwana da yunwa ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, gonar nan rayuwarmu ce, ruwan da yake janyewa a hankali kuma ƙaunarmu ce ga Allah da ga juna, wadda takan ragu ba mu lura ba. Ƙerana ba ita ta kori ruwa ba. Ruwa ne ya tafi ya bar mata wuri. Haka yake da faɗa a gida, da ɗan da ya daina jin magana, da addu'ar da ta yi mana nauyi. Alamu ne cewa ƙasar zuciya ta bushe. Mu kuwa sai mu wasa adda, mu ƙarar da ƙarfinmu a kan alamar, abin da ya kamata mu shayar yana mutuwa a gefenmu. Duk da haka Ubangiji mai jinƙai ne, yakan mai da wautarmu ma ta zama mana shinge, in mun ƙasƙantar da kai mun tuba.

Yayar nan kuma ita ce duk wanda Allah ya aiko ya gaya mana gaskiya. 'Yan'uwa, akwai wanda yake zaune a nan yau da ya canja benci don kada ya haɗa ido da mutumin da ya taɓa yi masa gargaɗi. Kada ku waiga, ba sai mun san ko wane ne ba. In an tashi, kafin ka je gida ka ci shinkafarka, ka tsaya a bakin ƙofa ka jira shi, ka miƙa masa hannu.