Tanimu a Ƙarƙashin Jinka

A wani ƙauye an yi wani maigida mai alheri, wanda ya karɓi wani baƙo mai suna Tanimu, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa. Akushi ɗaya suke sa hannu, gona ɗaya suke nomawa. Da tafiya ta yi tafiya, Tanimu ya laƙanci halin tsohon, har kafin ya buɗe baki ya san abin da zai faɗa. Mutanen ƙauye sukan ce, "In ka ji ta bakin Tanimu, ka ji ta bakin maigida." Maganar nan kuwa tana faranta wa Tanimu rai ƙwarai, har takunsa ya sake, gaisuwarsa ma ta gajarce.

Ana nan sai Rifkatu matar Tanimu ta haihu gab da faɗuwar damina, ga jinkar ɗakinsu ta ruɓe. Maigida ya ba da itace da ciyawar da ta rage masa, aka ɗaura sabuwar jinka a ƙasa a bayan gida, aka baibaye ta tsaf, aka sauke tsohuwar. Ranar da za a ɗora sabuwar, hadari ya haɗu a gabas. In jinkar nan ta karye, mai jego da jaririnta ba su da ɗakin kwana, daji kuma an riga an ƙone shi, babu inda za a samo wata ciyawa.

Maƙwabta suka taru. To, ɗaukar jinka ba aikin mutum ɗaya ba ne. Maza sukan shiga ƙarƙashinta su kewaye, suna fuskantar juna, ciyawa ta sauko ta rufe su, ba wanda yake ganin kome sai ƙafafunsa. Saboda haka dole a sami wani a waje yana faɗa musu inda za su taka. Maigida ne ya tsaya a waje, yana kiran kowa da sunansa.

"Ayuba, ja da baya. Dogo, matso gaba. Tanimu, sassauta, ɗana."

Jinka ta tashi tana tafiya sumul, sai ka ce ƙafafun nan duka na mutum ɗaya ne. Mata suna guɗa. Tanimu ya ji kansa ya yi girma, gama shi ne ya tallafi wajen da ya fi nauyi.

Da suka iso tsakanin rumbu da rijiya, inda hanya ta matse, sai maigida ya ce, "Ku tsaya." Ya hango wani turken akuya a gabansu, yana so a cire shi tukuna. Daidai nan aka yi tsawa. Tanimu ya ce a ransa, "Baba ya cika jinkiri. Ai ni da shi bakinmu ɗaya, na san abin da zai ce." Sai ya ɗaga murya, har da kwaikwayon irin ta tsohon, ya ce, "Kowa ya yi dama!"

Kowa kuwa ya yi damarsa. Amma mutanen da ke fuskantar juna, damar wannan ita ce hagun wancan. Jinka ta murɗe, igiyoyi suka fara ƙara, Ayuba ya yi tuntuɓe da turken ya durƙusa, gefe ɗaya ya karkata wajen bakin rijiya. Rifkatu ta ƙwala ihu. Tanimu yana jin nauyi yana danne shi, bai ma san ta ina rijiyar take ba. Tsoro ya kama shi, ya yi kira da iyakar ƙarfinsa, "Baba, ba na gani! Ka yi magana!"

Tsohon bai tsaya yi masa faɗa ba. Ya ci gaba da kiran suna ɗaya bayan ɗaya, har jinka ta daidaita, ta zauna daram a kan ɗaki kafin ruwa ya sauko.

Tanimu ya fito da ciyawa a ka, kunya ta hana shi ɗaga ido. Maigida ya dafa kafaɗarsa a gaban jama'a ya ce, "Kun ga ɗana? Da ba don kafaɗar nan ba, da gefen can ya kai ƙasa. Ɗana, kai nawa ne, abin da nake da shi naka ne. Amma kai kana ciki, ni ina waje." Tanimu ya ɗago kai. Bai taɓa jin alfahari irin na ranar ba, wannan kuwa ba na kumburi ba ne.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Maigidan shi ne Allah, masu ɗaukar jinka kuwa mu ne, ikilisiyarsa. Ubangijinmu Yesu ya yi addu'a domin mu zama ɗaya, Ruhunsa kuma yana zaune a cikinmu. Wannan gata ne babba, mu yi taƙama da shi ba tare da jin kunya ba. Amma kusantar Allah ba ta mai da mutum Allah. Shi Mahalicci ne, mu halittu ne. Yana ganin abin da ke gaba, mu kuwa inda muka taka kaɗai muke gani. Duk ranar da wani a cikinmu, ko fasto ne ko dattijo ko shugabar zumuntar mata, ya ɗauki ra'ayinsa ya ce shi ne muryar Allah, ranar ce jama'a za ta rabu, kowa yana ganin shi ne a kan daidai. Ka sa kafaɗarka da ƙarfi tare da 'yan'uwanka, ka bar wa Ubangiji kira. In kuma ka riga ka yi karambani, kada ka ji nauyin cewa, "Uba, ba na gani."