Ƙayar Aduwa a Diddigen Wa

Akwai wani mutum da ya kama hanyar hamada tare da ƙanensa, za su gaida mahaifiyarsu da ke kwance ba lafiya. Tun daga gida ba sa ga maciji, saboda wata gardama a kan iyakar gona. Wan yana gaba, ƙanen yana baya, ba mai ce wa wani uffan.

Hanyar kuwa ba inuwa. Sai tumfafiya jefi-jefi, da ƙarangiya mai manne wa wando, da buzuzu yana ta fama da turin kashin raƙumi. Rana ta dafa su, ruwan salkunansu ya yi ƙasa, rijiya kuma da saura.

Sai ƙayar aduwa ta huda takalmin wan, ta karye a cikin diddigensa. Masu bin wannan hanya ba sa rabuwa da matsefata, ƙarfen cire ƙaya, shi ma yana da tasa. Amma ƙayar ta shige inda idonsa ba ya kaiwa. Ya laluba, ya tona, ya ƙara tura ta ciki. Ya ce a ransa, "Ni in miƙa wa yaron nan ƙafata? Gara in yi ɗingishi." Kun dai san halinmu, mu manya.

Haka ya yi ta jan ƙafa har ta kumbura, ƙudaje suka soma binta. Daga bisani ya zube a kan rairayi, ya gaji liƙis, ya tabbata ba zai kai rijiya ba, balle ya ga mahaifiyarsa.

Ƙanen ya iso, ya tsaya a kansa.

Wan ya sunkuyar da kai ya ce, "Duba mini."

Ƙanen ya durƙusa. Ƙafar ta yi butu-butu da ƙasa da jini, ba a ganin komai. Sai ya kwance bakin salkarsa, ya zuba sauran ruwansa ya wanke ta.

Wan ya ce, "Kai, me za ka sha?"

Ƙanen ya ce, "Yaya, riƙe ƙafar da kyau. Tun safe nake ganin ɗingishinka, jira nake ka yi magana." Sannan ya karɓi matsefatar, ya zare ƙayar.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, akwai zunubin da yake maƙalewa inda ba ma iya gani, kuma ba ma iya cirewa da hannunmu. Shi ya sa Ubangiji bai bar mu mu yi tafiyar nan mu kaɗai ba. Da yawa a cikinmu mun gaji, ni ma na gaji, kuma ba nisan hanya ne ya gajiyar da mu ba. Wataƙila wanda Allah ya ba matsefatarka shi ne wanda ka ƙi gaisarwa yau da safe a ƙofar majami'a.