Kaska a Bayan Kunnen Tunau

"Ga ta nan, ga ta nanku, masu ƙaiƙayi da marasa ƙaiƙayi."

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

Wasu maharba ne wa da ƙane, Tunau da Barmo. Tare suke shiga daji, tare suke raba nama. Amma Tunau mutum ne mai zargi, ko inuwarsa bai yarda da ita ba.

Ran nan ya kishingiɗa a makwancin gada, cikin ciyawa mai laima. Sai Kaska ta hau shi, ta maƙale a bayan kunnensa. Ta ɗanɗana jini, ta ji daɗi, ta ce sai 'ya'yanta ma sun sha.

Da safe Barmo ya ɗaure bakin wandonsa da igiya, ya ce, "Yaya, ɗaure naka, kaska ta ƙafa take hawa."

Sai Kaska ta raɗa wa Tunau, "Ƙarya ne. Nama yake ɓoyewa a ciki."

Tunau ya ce, "Ban ɗaurewa!" Sai 'ya'yan Kaska suka hau ƙafarsa.

Suka isa dausayi. Barmo ya ce, "Yaya, mu bi tsakiyar hanya, a kan doguwar ciyawa kaska take jiran mai wucewa."

Kaska ta ce, "Ka ji? Barewa ya hango a ciki, zai dawo shi kaɗai."

Tunau ya kutsa ciyawa har wuya. Babu barewa, sai 'ya'yan Kaska da suka cika masa hammata.

Da yamma Barmo ya ce, "Yaya, tuɓe riga in duba maka bayanka, kai ma ka duba mini."

Kaska ta tsorata, ta ce, "Layarka yake so ya sace!"

Tunau ya zabura. "Ɓarawo! Kwance wandonka in gani!"

Barmo ya kwance. Ƙafafu ne kawai, busassu kamar kara. Ransa ya ɓaci, ya ɗauki bakansa ya koma gidan kawunsu. Wallahi ni ma da tafiya zan yi.

Sai zazzaɓi ya kayar da Tunau. Ya yi susa, ya yi susa, hannu bai kai baya ba. Ya kira Kaska, tana ta sha, ba ta amsa ba.

Labari ya kai wa Barmo. Jini ya fi ruwa kauri, sai ya dawo. Ya zauna yana cire masa 'ya'yan Kaska ɗaya bayan ɗaya, a hankali don kada kai ya saura a fata. Ya leƙa bayan kunne, ga uwar ta kumbura kamar gurjiya.

Ta ce, "Tunau, kada ka yarda da shi..."

Barmo ya jefa ta wuta.

Tunau ya warke, amma kunnen nan ya mutu. Har ya tsufa, in Barmo zai yi magana, sai ya juyo masa ɗayan.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Mai zuga ka da ɗan'uwanka, duba da kyau, jininka yake sha. Kai Nomau, zo nan in duba bayan kunnenka, tun ɗazu kake susa.