Ganyen Masarar Kawu Hamisu

Akwai wani mai ɗaukar hoto a Ƙofar Doka, sunansa Muntasir. Gwani ne, sai dai akwai ji da kai.

Masu ɗaukar ƙananan abubuwa irin su ƙwari suna da kayan aiki biyu. Akwai gilashin da ake ɗaurawa a gaban idon kyamara: ba shi da wuya, amma gefen hoton kan yi dishi-dishi. Akwai kuma bututun da ake sakawa tsakanin kyamara da idonta, hotonsa tas, sai dai yana son haske sosai.

Muntasir yana da gilashin, amma ya jefa shi a durowa. Ya sha gaya wa abokan sana'a cewa kayan 'yan koyo ne.

Wata rana da damina, kawunsa Hamisu ya iso daga ƙauye a gajiye, ya zaro ganyen masara daga leda.

"Dubi 'yan ƙwayayen ƙwarin nan a jikin ganyen. Malamin gona ya yi tafiya, ya ce in tura masa hoto ya faɗa mini maganin da zan fesa. Na ɗauka da waya, bai fito ba."

"Kawu, bututun da na saya yana hanya daga Legas. Ba zan ɗauki hoto mai dishi-dishi a ce ni na yi ba."

"Ɗan nan, ai ba a bango zan rataye shi ba."

"Ka dai ƙara haƙuri."

Kawu ya bar masa ganyen, ya zura takalmansa ya tafi.

Kaya suka maƙale a hanya. Kawu ya yi ta kira har ya gaji ya bari. Kafin bututun ya iso ganyen ya bushe, sai Muntasir ya ɗauki kyamararsa ya hau babur ya nufi ƙauyen.

Ya tarar da ganyen gonar duk huji, tsutsa ta cinye masarar. Kawu na zaune a kan kunyar gona, ko ɗago kai bai yi ba.

"Sannu da hanya," in ji shi. "Ga su nan sun girma. Yanzu ba sai da kyamara ba."

Muntasir ya ajiye jakarsa a gindin bishiya, ya tsuguna yana tsince tsutsa da hannu har rana ta faɗi.

Darasi: Idan mai buƙata ya zo ƙofarka, taimake shi da abin da ke hannunka. Girman kanka kan iya zama asarar wani. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai wanda ke jiran wani a yau.