Maƙerin da Tukwanensa Ke Yoyo

A wani gari na bakin titi akwai wani mutum, maƙerin tukwanen dalma. Wurin mahaifinsa ya gaji sana'ar. Ya gaji rumfar da kaskon narkar da ƙarfe, ya kuma gaji wani dattijo mai suna Baba Zakka, wanda ya yi shekara talatin yana zubi tare da mahaifin nasa. Abin da bai gada ba shi ne natsuwa. Mutumin nan ko abinci a tsaye yake ci. In kana yi masa magana idonsa na kan hanya, kafin ka kai ƙarshe ya riga ya amsa ya wuce.

Ga yadda suke aikin. Ana cika akwati da ƙasa mai ɗan danshi, a danna siffar tukunya a ciki. Sai a narkar da tsofaffin gwangwanaye da gutsattsarin dalma a kasko bisa garwashi, a zuba narkakken ƙarfen ta wata 'yar kafa, a bar shi ya huce. Su biyu ne ke zubin, maigidan da Baba Zakka, duk wanda ya sami sarari shi ke ɗaukar kasko. In tukwanen sun huce sai a goge su a tara wuri ɗaya, ba mai iya cewa wannan ta wane ce.

Ana nan, sai tukwanen suka fara yoyo. Ba duka ba. Wata ta fito lafiya lau, wata kuwa a ido sumul take, amma da an ɗora ta kan murhu sai ruwa ya riƙa ɗiga ta wasu 'yan ramuka kamar na bakin allura, har ya kashe wutar. Mata suka fara dawo da su. Wata mai sayar da abinci a tasha ta zo da tata a ka, ta sauke a gabansa, ta ce, "Tukunyar da na saya wurin mahaifinka har yau da ita nake dafa wake. Wannan kuwa ko mako ba ta yi ba." Ta juya ta tafi, ba ta ma tsaya ya ba ta wata ba.

Maganar nan ta yi wa maƙerin zafi ƙwarai, ya kuma ji tsoro, gama ya ga sunan gidansu na shirin mutuwa a hannunsa. Sai ya tashi haiƙan neman gyara. A mako guda ya sake ƙasar zubi, ya sake mai kawo masa gawayi, ya sayi sabon kasko, ya daina karɓar gwangwani ya koma tsofaffin kayan inji. Tukwane suka ci gaba da yoyo. Mako na gaba ya koma wa gwangwani, ya ƙara wa ƙasar ruwa, ya matsar da murhu zuwa wancan gefen rumfa, wai iska ce ke shigowa ta gabas.

Wani mako ya yi tafiyar kwana huɗu neman wata irin ƙasa da aka ba shi labari. Da ya dawo ya tarar tukwanen da aka zuba a bayansa duk sun fito lafiya. Ya yi murna, ya ce, "Ashe murhun ne! Da ma na faɗa." Bai yi kwana uku da dawowa ba yoyo ya dawo. Ku da kuke saurare na ga wasunku sun fara murmushi. Ku yi haƙuri da shi, abin da ke da sauƙin gani daga kan benci ba shi da sauƙin gani a bakin wuta.

Ya rame, ya zama mai saurin faɗa. Ya yi zancen rufe rumfar ya koma wani gari, ya yi zancen barin sana'ar gaba ɗaya ya sayi babur. Daga baya sai idonsa ya sauka kan Baba Zakka. Ya ga yadda dattijon ke tsayawa a kan kasko yana kallo kamar wanda ya manta abin da ya kawo shi, ya ga hannunsa na ɗan rawa in ya ɗauki kofin ruwa. Sai ya ce a ransa, "Tsufa ne. Ƙarshen watan nan zan sallame shi." Baba Zakka kuwa ba shi da wata sana'a, ba shi da gona, rumfar nan ita ce abincinsa da na matarsa.

To, maƙerin yana da yaya mace, sunanta Tabita. Ta yi shekaru tana aiki a wata masaƙa a birni, aikinta shi ne duba yadi kafin a fitar da shi kasuwa. Da ta ajiye aiki sai ta dawo gida. Ta zo rumfar wata safiya, ta zauna kan wani akwati, ta saurari ƙanenta yana lissafa mata duk abin da ya sake.

Ta ce, "Auta, a cikin abubuwan nan da ka sake, wanne ne ya taimaka, wanne ne ya ɓata?"

Ya ce, "Ban sani ba."

Ta ce, "Ba za ka sani ba, don ka sake su duka lokaci ɗaya. A wurin aikinmu in yadi ya fara fita da aibi, abu ɗaya ake taɓawa, a bar sauran yadda suke, a jera na da da na yanzu a duba. Ka ba ni mako biyu."

Mako biyu a wurin mutumin nan kamar shekara ne, amma ba shi da wata dabara, sai ya yarda. Suka zuba tukwane shida da tsohuwar ƙasa, shida da sabuwa, ƙarfe ɗaya, gawayi ɗaya. Tabita ta baza busasshiyar toka a ƙasa, ta jera tukwanen a kai, ta cika su da ruwa har baki, ta ce a bar su zuwa tsakar rana. Wadda ke yoyo, tokar ƙarƙashinta za ta jiƙe ta yi baƙi. Da rana ta take suka duba: akwai masu yoyo a na tsohuwar ƙasa, akwai a na sabuwa, kusan daidai. Ta ce, "To, ba ƙasa ba ce. A bar ƙasa ta huta." Haka suka yi da gawayi, haka suka yi da ƙarfe. Ko wane gwaji, amsar ɗaya ce. Duk tsawon kwanakin nan maƙerin bai zauna ba, yana kai yana kawowa, yana leƙa toka tun lokaci bai yi ba, har sai da yayarsa ta kore shi waje sau biyu.

Da aka gama na ƙarfe, ya jawo ta gefe ya ce, "Yaya, kin ɓata mini kwana goma a kan abin da na riga na sani. Baba Zakka ne. Hannunsa ya mutu."

Ta ce, "Mai yiwuwa ne. Sai mu gwada hannu kamar yadda muka gwada ƙasa. Amma hannu biyu ne ke zubi a rumfar nan, duka biyun za a gwada."

Ya yi dariya ya ce a gwada mana.

Washegari aka shirya akwati takwas da ƙasa ɗaya. Tabita ta ce su riƙa karɓa-karɓa, in wannan ya narkar ya zuba ɗaya sai wancan ya narkar ya zuba ɗaya, don kada wani ya ce shi aka bar wa wuta bayan ta yi sanyi. Maƙerin yakan gama tasa cikin ƙiftawar ido, ya tsaya yana buga ƙafa yana jiran dattijo. Da tukwanen suka huce, ta sa su biyun suka fita. Ta ɗauki ƙusa ta yi zane a gindin kowace tukunya, zane ɗaya ga ta Baba Zakka, zane biyu ga ta ƙanenta. Ta cakuɗa su, ta jera kan toka, ta cika da ruwa, sa'an nan ta kira su.

Da rana ta take, tukwane uku sun jiƙa tokarsu sharkaf. Biyar kuwa ƙarƙashinsu a bushe yake. Maƙerin ya zo ya tsaya a kan ukun nan, ya taɓa ɗaya da ƙafa, ya dubi dattijon ya ce, "Baba, ka gani da idonka. Na yi haƙuri iyakar haƙuri. Duk wanda ya zuba waɗannan bai kamata ya sake taɓa kasko a rumfar nan ba."

Baba Zakka ya sunkuyar da kai, yana murza hularsa a hannu.

Tabita ta ce, "Auta, kifa su."

Ya zubar da ruwan ta farko ya kifa ta. Zane biyu. Ya kifa ta biyu da sauri, zane biyu. Ta ukun sai da ya daɗe yana riƙe da ita kafin ya juya ta, gama ya riga ya san abin da zai gani. A cikin huɗun da ya zuba, ɗaya ce kaɗai ta riƙe ruwa. Na dattijon kuwa duka huɗun lafiya suke.

A ranar nan ne aka ga mutumin nan ya zauna. Ya zauna a ƙasa cikin toka, kunya ta rufe shi. Can ya ɗaga kai ya ce, "Baba, me nake yi ba daidai ba?"

Dattijon ya ce, "Ɗana, in ƙarfe ya narke akwai datti da ke tasowa sama kamar kumfa. Sai an jira ya gama tasowa an kwashe shi. Kai ba ka jira. Kuma daga sama kake kwararawa, iska na shiga ciki. A hankali ake zubawa, bakin kasko kusa da kafar."

Ya ce, "Me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?"

Dattijon ya ce, "Na gaya maka sau biyu. Na farko kana bakin ƙofa za ka tafi neman gawayi. Na biyu ka ce ka ji."

Maƙerin ya roƙe shi gafara a gaban yayarsa. Da safe ya miƙa masa kasko, ya tsaya a bayansa yana kallo, kamar ranar da ya fara koyon sana'ar.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan ke nufi. Maƙerin nan ni ne, kai ne, ke ce. Tukwanen su ne ayyukan hannunmu: zaman gidanmu, tarbiyyar 'ya'yanmu, hidimarmu cikin ikilisiya. Ba laifi ba ne mutum ya ga yoyo ya damu. Mutumin nan ba rago ba ne, ya ma fi kowa wahala. Kuskurensa shi ne ya gwada kome a rumfar, amma bai taɓa sa kansa cikin abin da za a gwada ba.

Haka muke yi. Abu ya ɓaci, sai mu tashi da gudu mu sake kome lokaci ɗaya. Na san masu sake majami'a duk shekara, a can wa'azi ya yi tsawo, a nan mawaƙa ba su iya ba, a gaba dattawa ba su gaishe su ba. Wani ya sake aiki sau huɗu, ko'ina ya je shugabansa mugu ne. Ina tambaya cikin ƙauna: a duk wuraren nan da rigima ta tashi, wane ne bai taɓa fashin zuwa ba? Ni kaina na yi shekara biyu ina cewa ajin nan na Lahadi ba ya jin magana. Na sake littafi, na sake wurin zama, sai da wata uwa ta gaya mini cewa ba na barin kowa ya gama tambaya kafin in amsa. Na ji haushinta har mako guda, amma gaskiya ta faɗa.

Dattin da ke tasowa bisa ƙarfe shi ne fushi da girman kai da ke cikinmu. Ba ya fita da gaggawa. Sai mutum ya tsaya shiru a gaban Ubangiji, ya bar shi ya taso fili, ya furta shi, a kwashe. Wanda ba ya iya tsayawa minti biyar cikin addu'a, da dattinsa zai yi magana da matarsa, da shi zai hori ɗansa. Tabita kuwa ita ce duk wanda Allah ya aiko ya tsayar da mu, ya ce a bi abu ɗaya ɗaya, a kuma auna kowa da ma'auni guda. Kada ku ƙi irin waɗannan mutane don maganarsu ba ta da daɗi.

Abin da ya fi ba ni tsoro a misalin nan shi ne Baba Zakka. Saura kwana kaɗan a kori mutum marar laifi, a raba shi da abincinsa, tukwane kuma su ci gaba da yoyo. Kusan kowa a ɗakin nan yana da wanda ya riga ya ɗora wa laifin abin da ya lalace masa, ya yanke masa hukunci a zuci, jiran ƙarshen wata kawai yake yi. Wataƙila ma yana zaune kusa da ku yanzu. Ba na ce lalle shi mai gaskiya ne ba, ban sani ba, ku ma ba ku sani ba tukuna. Abin da nake roƙonku shi ne, kafin ku buɗe baki ku sallame shi, ku durƙusa ku kifa tukunyar, ku duba zanen wane ne a gindinta.