Amaryar 'Yan Acaɓa

An yi wani mutum a wani gari, garin da ba zan faɗi sunansa ba, don ina faɗa wani a cikinku zai ce kakansa ne sarkin tasha a can. Ku dai saurara. Kai mai jar riga, kashe mashin ɗin nan, fasinja ba zai ƙare a duniya ba.

Wannan bawan Allah sunansa Sallau, acaɓa yake yi kamar ni, kamar ku. Ba malami ba ne, ba mai kuɗi ba ne. Mashin ɗinsa tsoho ne tukuf, in ya tashe shi da safe sai ka rantse tsohuwa ce take tari. Abu ɗaya aka san shi da shi a duk garin: madubi. Dama da hagu, kullum a goge suna ƙyalli.

Ai kun san halinmu, ba sai na tona ba. Ranar da aka fito da mashin daga kwali, kafin ya sha mai, sifana ake fara nema a kwance madubi. Wai ƙauyanci ne. Wai yana hana kutse a gosulo. Wai namiji ba ya waiwaye. To mutanen garin nan ma haka suke, sak. Sai suka sa wa Sallau suna Amarya, don a cewarsu wa yake wuni yana kallon madubi in ba amarya ba? In ya iso tasha da safe, wannan ya tambaye shi ko ya taho da kwalli, wancan ya ce ina hoda. Shi kuwa sai ya yi murmushi, ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya ciro tsumma ya hau goge kayansa.

Suka kuma ƙirƙiro wani wasa. In za su wuce shi a titi sai su ƙwala masa kira, "Baya, baya." Shi kuma sai ya dubi madubi, su kuwa su fashe da dariya su murɗa totur. Kullum sai sun yi, kullum sai ya duba. Wani mai shayi ya taɓa tambayarsa me ya sa yake biye musu bayan ya san tsokana ce. Ya ce ai duba madubi ba ya cin mai, kuma ranar da abin zai zama gaskiya ba zai yi sallama ba.

Haka yake tuƙinsa. In danja ta tsayar da shi, gefe yake raɓewa, mashin na cikin giya, ido na kan madubi, ya bar wa kansa kafar fita. Ba ya shiga tsakanin tirela da kwata ko fasinja zai mutu da zagi. Yakan ce rabin titi ne a gabanka, ɗaya rabin yana ƙeyarka.

To, Sallau yana da ƙanwa, Tabawa. Mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa ƙwaya ɗaya, Mati. Da Mati ya zama saurayi ya samu mashin, sai ta kamo hannunsa har ƙofar gidan yayanta. Ta ce, "Yaya, ga shi nan. Ban ce ya kawo min komai ba. Ka dai riƙa dawo min da shi da ƙafafunsa." Sallau ya ce in Allah ya yarda.

Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Da hannunsa ya ɗaura wa Mati madubi. Kafin azahar Mati ya kwance. Ɗaya ya ba mai aski, ɗaya ya kai wa budurwa. Sallau ya tafi wurin 'yan gwangwan ya tono wani a cikin tarkace, ya wanke, ya ɗaura. Mati ya kwance. Ya ɗaura, ya kwance. Ya ɗaura, ya kwance. Abin da yake cin Mati a rai, samarin tasha sun fara kiransa ɗan Amarya. Don ya wanke kansa sai ya zama duk tashar babu mai iya shegen da ya kai shi. In ana ihun "baya, baya", muryarsa ce a sama.

Wata rana a gaban kowa ya kwance madubin ya miƙa wa kawunsa. Ya ce, "Kawu, riƙe, ka haɗa da naka ka riƙa gano har bayan gari." Aka yi ta dariya ana tafawa. Mutumin da ya yi masa huɗuba a kunne ranar da aka haife shi, jama'a. Sallau ya karɓa da hannu biyu, ya goge da gefen rigarsa, ya sa a aljihu. Abin da ya ce kawai, Allah ya shirya. Washegari da Mati ya fito daga gida, ya tarar da madubin a ɗaure.

Haƙuri ke nan. Ba irin namu ba, da in an taɓa mana sigina sai mun tara unguwa.

Rannan da la'asar, ranar kasuwa, gari ya cika ya batse. Akwai wata mahaɗa a gindin gada, inda titi yake gangarowa. Danja ta ba da ja. Mati ya kutso ya tsaya tsakiyar titi, can gaba, yana wasa da totur, don shi ba a riga shi tashi. Sallau yana bayansa kaɗan, a gefe kamar kullum. Ya ɗaga ido ya dubi madubi. Sai ga tifa ta gangaro daga kan gada, shaƙe da yashi. Ya sake dubawa. Ta ƙara girma. Direban yana ta walƙa fitila, yana dukan ƙofa da hannu. Birki ya shanye. Kuma layin da ta ɗauko babu kowa a kai sai Mati.

Ku saurara da kyau a nan. Sallau ya tsira. Kafar fitarsa a buɗe take, mashin na cikin giya, sakin kuloci kawai zai yi ya haye gefe. Duk shekarun da ya yi yana shan dariya, don wannan lokacin ya sha ta.

Ya buɗe murya iya ƙarfinsa, "Mati, baya, baya."

Mati ya ji. Wallahi ya ji. Sai ya yi dariya, ya ɗaga hannu sama ko juyowa bai yi ba, wai yau Kawu ma ya koyi wasa. Da bakinsu suka cinye kalmar nan, ranar da ake neman ta aka tarar babu komai a cikinta.

Sai Sallau ya karkatar da kan mashin. Maimakon gefe, ya nufi tsakiya. Ya murɗa totur ya daki mashin ɗin Mati ta haƙarƙari, Mati da mashin suka wuntsila ɗaya gefen suka faɗa kwata. Inda Mati ya bari, nan Sallau ya tsaya. Nan tifa ta same shi.

Mati ya fito daga kwata baƙi ƙirin, yana zage-zage, yana neman wanda ya fasa masa fitila. Sai ya ga mutane ba shi suke kallo ba. Ya bi idonsu.

Da aka jawo Sallau da sauran numfashi. Bai tambayi mashin ba, bai tambayi ƙafarsa ba. Cewa ya yi, Mati ya tashi? Aka ce ya tashi, ga shi nan tsaye. Ya ce to a kai shi gida, uwarsa tana jira. Aka sa Sallau a bayan a-kori-kura, ana laƙƙana masa kalmar shahada. Ba a kai asibiti da shi da rai ba.

Da aka shiga da Mati gida aka faɗa wa Tabawa, ba ta yi kururuwa ba. Ta dube shi tun daga kai har ƙasa, ta tsayar da ido a ƙafafunsa. Ta ce, "Yaya ya cika alkawari." Ta shige ɗaki ta ja labule.

Sallau ya bar mata da 'ya'ya ƙanana. Mati ne ya ɗauki nauyinsu, da madubi dama da hagu, kuma har ya yi furfura ba a sake jin dariyarsa a tasha ba. In sabon yaro ya ce masa Amarya, sai ya ce na'am.

Su kuma sauran samarin? Kun zaci sun shiryu ko? Ranar jana'iza kowa ya nemo madubi ya ɗaura, har ya yi tsada a gari. Ana gama sadakar arba'in aka ciro sifana.

To 'yan'uwa, ga abin da ke ciki. Mai yi maka nasiha kada ka mai da maganarsa abin wasa, don ranar da za ta cece ka sai ka ji ta kamar wasa. Amana kuma ba a ajiye ta don wanda aka ba ka ya raina ka. Sannan tawakkali ba a yin sa da sifana. Ka ɗaura madubi, ka sa hular kwano, ka dubi bayanka, sa'an nan ka ce Allah ya tsare. Ni na leƙa waje kafin in fara, na ga mashinanku a jere kamar awakin da aka yanke wa kunne. Kowa a nan akwai wadda take leƙen ƙofa in magariba ta yi. Mati ya samu kawun da ya tsaya a inda ya bari. Kai da kake sunkuyar da kai, wa gare ka a baya?

Allah ya jiƙan Sallau, ya mai da mu gida da ƙafafunmu.