Hasumiyar Sarki Sambo da Yaɓen Jenne

An ruwaito a cikin wani tsohon littafi, wanda gara ta ci gefensa ta bar tsakiya, cewa an yi wani sarki a Birnin Zangina mai suna Sambo. Da furfura ta fara bayyana a gemunsa, sai tsoron a manta da shi ya fi tsoron mutuwa damunsa. Ya ƙudura zai gina hasumiyar dutse wadda matafiyi zai hango tun daga nesa. Wazirinsa Tanimu ya ba da shawara a ɗebi namiji daga kowane gida a kai shi fasa dutse. Wannan kuwa da faɗuwar damina ne, ƙasa ta jiƙa, iri yana hannu.

Wani dagaci mai suna Korau ya ƙi ba da mutanensa. Ya ce wa dogarai, "Ku gaya wa Sarki, ba a cin dutse da miya." Aka sa shi a mari, aka yanke cewa ranar da za a aza harsashin hasumiya, ranar za a sare kansa.

Korau yana da yaya mai suna Tasalla, wadda ta gaji ayarin mahaifinsu, ta yi fatauci har ƙasashen yamma. Ta shigo gari ta tarar gonaki sun cika da ciyawa, tsofaffin mata suna duƙe da fartanya, ƙaninta kuma yana kurkuku. Ba ta yi kuka ba. Ta ji an yi shela cewa Sarki yana neman fataken da suka ga duniya, sai ta yafa mayafinta ta nufi fada.

Da aka taru, Sarki ya ce, "Ku da kuka taka ƙasashe, wane gini ne ya fi ƙarfin zamani? Wanda ya gamsar da ni, ya roƙi abin da yake so."

Wani attajiri mai suna Sharu Na'ibi ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a hanyata ta zuwa Makka na bi ta Masar. A gefen kogin Nilu na ga dalar Fir'aunoni, duwatsu a kan duwatsu, kowane ɗaya ya fi ƙarfin raƙuma. Kaburburan sarakuna ne. Dauloli sun zo sun shuɗe, suna nan tsaye."

Wani Balarabe mai fataucin alharini, ana ce masa Sidi Ma'aruf, ya ce, "Ran Sarki ya daɗe, a ƙasar Sin akwai ganuwa wadda take hawa duwatsu tana sauka kamar maciji, mahayi ya yi watanni bai ga ƙarshenta ba. Sarakuna bayan sarakuna suka gina ta don tare mahara daga arewa."

Fuskar Sarki ta yi haske. Tasalla ta durƙusa ta ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, a ba ni izini in tambayi iyayen nan nawa." Aka ba ta.

Ta ce, "Baba Sharu, mene ne sunan sarkin da ke kwance a babbar dalar?"

Sharu ya shafa gemu. "Wallahi 'yata, na tambayi masu kiwo a gindinta, kowa da sunan da ya faɗa. Sun dai ce ɓarayi sun daɗe da kwashe abin da ke ciki."

"Sidi, ganuwar ta tare maharan?"

Sidi ya sunkuyar da kai. "Ta tare wasu. Amma an ba ni labari cewa wata rana wani sarkin yaƙi na cikin gida ya buɗe musu ƙofa da hannunsa, suka shiga suka ci sarauta."

Tasalla ta juya ga Sarki. "Zaki, ga nawa labarin. A ƙasar yamma akwai wani gari tsakiyar ruwa, sunansa Jenne. Babban masallacinsu da laka aka gina shi, lakar da yaro zai iya ɓantara da yatsa. Kowace damina ruwa yana cin jikinsa. A bangonsa akwai itatuwa sun fito waje kamar ƙayar bushiya. Na tambayi mai masaukina, na ce magina sun manta da su ne? Ya yi dariya, ya ce, 'Baƙuwa, matakala ce. An bar ta ne domin waɗanda ba a haifa ba tukuna.' Da ranar yaɓe ta zo, na ga gari duka ya fito. Mata suna ɗebo ruwa, samari suna gudu da kwandunan laka, unguwa tana tsere da unguwa, ana kiɗa ana tsokanar juna. Kafin rana ta yi zafi, masallaci ya koma sabo. Wannan shi ne ginin da ya fi ƙarfin zamani, domin zamani yana cinsa kowace shekara, ba ya iya haɗiye shi."

Sai Waziri Tanimu ya yi murmushi ya ce, "Madalla da baiwar Allah, ta sauƙaƙa mana. Sai a gina hasumiya da laka, kowace shekara dogarai su tattaro talakawa su yaɓe ta."

Ran Tasalla ya ɓaci, ta manta a gaban wa take. "Waziri, ka ji labarin da kunnen bulala! Ban ga dogari ko ɗaya a Jenne ba. Mutum yana yaɓe abin da yake shiga inuwarsa ne. Hasumiya wa za ta ciyar? Ranar da bulala ta gaji, ranar ginin zai fara zubewa."

Sarki ya dube ta ya ce, "To, me za su yaɓe ba da bulala ba?"

"Rumbuna, ranka ya daɗe. Manya, masu tsayin da ake so, a tara hatsi domin shekarar fari. A sallami maza su koma gona yanzu. Bayan kaka a buga ganga, kada dogari ya bi kowa gida."

Waziri ya ce, "In ba su fito ba fa?"

"A haɗa kaina da na ƙanena Korau."

Sarki ya yarda. Aka sallami masu fasa dutse, aka bar Korau a mari.

An ce da aka gama girbi, aka kwaɓa ƙasa a filin bayan kasuwa, aka buga ganga tun asuba. Hantsi ya yi, babu wanda ya fito. Sarki yana zaune ƙarƙashin laima, Waziri yana ta duban hauni mai sare kai, hauni yana shafa takobinsa. Tasalla kuwa ta lura da idanu a bayan zana da kan katanga.

Ta matsa ta ce, "Zaki, mutane suna nan, kallo suke yi. Wancan karon da suka amsa wannan ganga, da igiya aka tafi da su. Ba za su taka wannan laka ba sai sun ga ba tarko ba ce."

Sarki ya miƙe, ya tuɓe alkyabba ya miƙa wa Waziri, ya naɗe wando, ya shiga laka har ƙauri. Ya cika kwando ya ɗora a kai, laka tana tsiyaya a gemunsa. Sai wata tsohuwa ta leƙo daga bayan zana ta ce, "Haba, ranka ya daɗe, ba haka ake ɗauka ba, sai da gammo! Za ka karya wuya." Ta fito da gammonta. Dariya ta ɓarke a bayan katangu, ƙofofi suka buɗe, unguwar maƙera ta ce ita ce gaba, unguwar marina ta ce ƙarya ne.

Kafin azahar aka kwance Korau, ya zo yana ɗingishi, ya karɓi kwando daga kan Sarki. Aka naɗa Tasalla mai kula da rumbunan, aka sa Waziri ya riƙa ɗebo ruwa har aka gama. Mai littafin ya ce ya ga rumbunan da idonsa bayan jikokin jikokin Sambo sun shuɗe, kuma duk ranar yaɓe, kwandon farko sarkin zamanin ne yake ɗauka, yara suna ihu, "Kwandon Sambo ya fito!"

Masu hikima suka ce, wanda ya gina da bulala ya bar wa duniya tarin dutse, wanda ya gina da yardar mutane ya bar mata magina. Allah shi ne mafi sani.